Hunturu Ya Shigo: Kaskon Wuta Da Numfashin Yaranmu

  

Hunturu dai ya kankama. Hazo ya sauka, leɓe ya fara tsagewa, yara sun yi furu-furu kamar an yi musu wanka da toka, 'yan gwanjo kuma sun ƙara wa rigunan sanyi kuɗi. Iskar nan daga Sahara take tasowa, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda tafki ya ƙafe tun zamanin da ya bar ƙasa mai laushi kamar hoda. Takan fara a ƙarshen Nuwamba ta kai har cikin Maris, amma muku-mukun yana tsakanin Disamba da Janairu. A Kano ko Katsina ko Damagaram ma'aunin zafi kan sauko wajen digiri 12 da asuba, a Jos kuwa yakan yi ƙasa da haka. Mutumin Rasha zai ji wannan ya yi dariya, to amma mu gidajenmu da tufafinmu duk don zafi aka tanade su, shi ya sa sanyin ke shiga mana har ƙashi.

Mu da muke aiki a asibiti mun san hunturu da irin marasa lafiyarsa, kamar yadda muka san damina da zazzaɓin cizon sauro. Da zarar hazo ya sauka, gadaje kan cika da yara masu ƙuna, da masu numfashi sama-sama, sai kuma waɗanda ake kawowa da asuba a sume, wani lokaci uwa da 'ya'yanta gaba ɗaya. In kika bi diddigi, kaɗan ne a cikinsu sanyin kansa ya kayar. Mafi yawa abin da aka yi don korar sanyin ne ya kawo su. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Bari mu fara da kasko, don shi ya fi ɗaga mini hankali.

Kowa ta san yadda ake yi. Bayan sallar isha'i a kwashe garwashin da ya rage a murhu, ko a hura gawayi a kasko, a bari ya ruru har hayaƙin ya ɗauke, sai a shiga da shi ɗaki, a ja ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma, a saki labule. Ɗaki ya yi ɗumi, yara su yi barci. Da yawa daga cikinmu haka aka rene mu, kuma za ki ji ana cewa, ai shekara da shekaru muna yi ba abin da ya same mu. To amma ki tuna irin ɗakunan da kakanninmu suka yi wannan a ciki: ɗakin ƙasa mai jinka, ƙofar asabari ko ta kara, iska na ratsawa ta ko'ina. Ɗakin yau siminti ne da silin, da taga mai gilashi, da ƙofar ƙarfe mai rufuwa ruf. Abin da ya shiga ba shi da hanyar fita.

Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne ko itace ko kananzir ko fetur, in bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Shi ya sa maganar "ai na bari hayaƙin ya ƙare" ba ta hana komai. Garwashin da ya yi ja jawur babu ɗigon hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita har ya zama toka. In ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini, ta maƙale wa sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki, kuma ƙarfin maƙalewarta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Jini na zagayawa, amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, gwiwoyi su mutu. Mai barci kuwa ba zai ji komai ba. Daga barci sai suma, daga suma sai abin da Allah ya yi.

Yara sun fi saurin kamuwa, saboda sun fi mu saurin numfashi, don haka suna shaƙar gubar fiye da mu. Mai ciki ma tana cikin haɗari biyu, domin jinin ɗan da ke ciki ya fi na uwar riƙe wannan guba. Uwa na iya farfaɗowa garau, abin da ke cikinta ya cutu.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yadda muke fassara shi. An tashi da safe kowa na ciwon kai, ƙaramin yana amai, sai a ce maleriya ce, ko a ɗora wa tuwon daren jiya. In kuwa an tarar da mutane a sume, magana ta koma ta iska ko sammu. Iska ce kam, amma ba irin wadda ake nufi ba. Ga alamar da za ki riƙe: mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwo iri ɗaya a lokaci ɗaya, babu zazzaɓi, kuma da an fito tsakar gida sai a fara jin dama-dama. In kin ga haka, ki duba abin da ya kwana yana ci a ɗakin.

In an tarar da wani a sume, abu na farko a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, wanda ba ya cikin hayyacinsa zai iya shaƙewa, kuma babu ɗayansu da ke cire gubar daga jini. Maganinta oksijin ne, shi kuma asibiti ake ba da shi. Ko ya farfaɗo a hanya, a ƙarasa da shi, domin illar na iya bayyana daga baya a ƙwaƙwalwa ko zuciya.

Janareto ma haka yake, ko ya fi. Na san tsoron ɓarayi ne ke sa a ajiye shi a zaure, ko ƙarƙashin bene, ko jikin tagar ɗaki. Hayaƙinsa na iya gamawa da gida guda a dare ɗaya. Wurinsa fili, nesa da ƙofa da taga kamar mita 6, bututun hayaƙin yana kallon waje. In gidan ba shi da wannan sarari, a kashe shi kafin a kwanta.

Na san tambayar da ke bakinki: to Malama, in an hana mu kasko, da me za mu ji ɗumi, ga bargo ya yi tsada? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ce miki ki sayi abin da ba ki da kuɗinsa ba.

A ji ɗumin a waje, ko a rumfa, ko a ɗakin girki mai buɗaɗɗiyar ƙofa, kafin a kwanta. In lokacin barci ya yi, a kashe wutar da ruwa ko a binne ta da ƙasa a can waje, a shiga ɗaki ba tare da ita ba. Daga nan jikin yaro za a ɗumama, kuma wannan ya fi ɗumama ɗaki sauƙi da arha. Riguna biyu ko uku marasa kauri, ɗaya kan ɗaya, sun fi babbar riga guda riƙe ɗumi, saboda iskar da ke tsakaninsu. Hula da safa ba ado ba ne a wannan lokaci. Sannan ki duba ƙasa, don nan ne da yawa muke mantawa. Yaron da ke kwance kan tabarma a siminti, simintin na zuƙe ɗumin jikinsa duk dare komai kaurin abin da kika lulluɓa masa. Ki shimfiɗa kwali biyu ko uku, ko buhunan da ba a amfani da su, ko tsohon zani a ninke, sannan tabarmar ta hau. Kwalin taliya da mai shago zai ba ki kyauta yana yin aikin da ba ki zata ba. Yaran da suka tasa su kwana kusa da juna cikin mayafi ɗaya. A sha kunu ko koko mai ɗumi kafin a kwanta, don yaron da ya kwana da yunwa ya fi jin sanyi. In kina so ki ɗumama shimfiɗa, ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki rufe da kyau, ki naɗe da zani ki sa cikin bargo na ɗan lokaci, sannan ki cire kafin yaro ya kwanta.

Taga kuma, ki rufe ta ɓangaren da iska ke bugowa, ki bar ɗaya ɓangaren a ɗan buɗe ko da tafin hannu ne, musamman in mutane da yawa ke kwana a ɗakin. Labule zai tare ƙura. In za ki yi shara ki yayyafa ruwa tukuna, kayan ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa.

Wani lokaci ba ke ce mai shigar da kaskon ba, Inna ce ko Hajiya, kuma don ƙaunar jikokinta take yi. Ba sai an yi ja-in-ja ba. Ki ce mata a asibiti aka ce gawayin yana da guba ko babu hayaƙi, ki roƙi a ji ɗumin tare a waje, ke kuma ki ɗauki nauyin fitar da shi da kashe shi. In maganar ta fi ƙarfinki, ki sa maigida ya faɗa, ko ki tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin ma'aikata. Tsofaffi ma suna cikin waɗanda wannan guba ta fi kayarwa, don haka har da lafiyarta kike karewa.

Tun da muna maganar hayaƙi, dole in taɓo turaren wuta, ko da za a ji haushina. Ni ma ina son ɗaki ya yi ƙamshi. Amma a rufe ɗaki a turara shi har ba a ganin juna, jariri na kwance a ciki, wannan huhunsa ake cutarwa. Ki fitar da shi, ki turara, ki buɗe ɗakin ya sha iska, sannan ki dawo da shi. Ƙamshin na nan a labule da zannuwa. Haka maganin sauro mai hayaƙi: gidan sauro ya fi shi, kuma yana ɗan tare sanyi ma.

Sai ƙuna. Yawancin ƙunar yara da muke gani a hunturu ta ruwan zafi ce da kunu da shayi, sai ta mai rarrafe da ya dafa kasko, sai wanda rigarsa ta kama a wurin jin ɗumi. Yadudduka masu santsi irin na roba suna kamawa nan take, kuma suna narkewa su manne da fata. In za ki haɗa ruwan wanka, ki fara zuba na sanyi a bokiti sannan ki kawo na zafi, kada ki ajiye tafasasshen ruwa a tsakar gida ki ce bari in ɗebo na sirki. A wannan 'yar tafiyar ce yaro ke faɗawa. Ki gwada ruwan da gwiwar hannunki, domin tafin hannunmu ya saba da zafin tukunya, ba ya faɗin gaskiya. Hitar da ake tsomawa a bokiti kuwa, in tana jone kada yaro ya kusanci wurin, kuma in an ɗauke wuta ki cire ta daga soket nan take. Gobara da yawa daga hitar da aka manta ne, wuta ta dawo cikin dare. Yaro mai farfaɗiya kada a bar shi kusa da wuta shi kaɗai ko na minti ɗaya.

In tsautsayi ya faru, ruwa mai sanyi, irin na famfo ko randa, shi ne magani na farko. A yi ta kwarara shi a wurin har minti 20. Na san minti 20 da yaro yana ihu ba ƙaramin abu ba ne, amma shi ke hana zafin ci gaba da cin nama. Ban da ƙanƙara. Sauran jikin a lulluɓe shi, kada garin sanyaya ƙuna sanyi ya kama yaron. A cire awarwaro ko zobe kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata a bar ta, a yanke ta gefe. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, baƙin mai, ƙullu, duk ba sa warkar da ƙuna. Ƙwayoyin cuta suke kaiwa, kuma mu a asibiti sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, yaron ya sha azaba sau biyu. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko tana fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, ko kuma jariri ne, asibiti kai tsaye.

Jariri sabon haihuwa shi ne wanda sanyin kansa ke iya kashewa, musamman bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi. Ba ya karkarwa irin ta manya balle ki gane, sai dai ki ga ya yi laƙwas, ya rage kuka, ya ƙi kama nono. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ba ki da ma'auni, ki taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannunki. In duka biyun da ɗumi, lafiya. In ƙafa ta yi sanyi ciki da ɗumi, ya fara jin sanyi, a ƙara masa sutura. In duka biyun sun yi sanyi, ki cire masa riga ki bar hula da nafkin, ki manna shi a ƙirjinki fata da fata, ki lulluɓe ku biyu, ki ba shi nono, ku kama hanyar asibiti a haka. Babu bargon da ya kai ƙirjin uwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko na jariri har sai ya yi aƙalla awa 24 da haihuwa. Bayan nan ma, a hunturu ba dole ba ne wankan safe da yamma. Sau ɗaya da hantsi in rana ta ɗaga, a cikin ɗaki, da sauri, tawul da kaya suna kusa, ya wadatar. A ɗaya ɓangaren kuma kada a wuce gona da iri. Akwai jariran da ake kawo mana cikin shawul uku da suwaita biyu, suna gumi, an ce zazzaɓi suke yi, da an kware su sai zafin ya sauka. Ki sa masa abin da kika sa, ki ƙara riga ɗaya. Kada a rufe masa fuska da bargo, kada kuma ya kwana a tsakiyar yayyensa. Maijego kuma ruwan wankanta ya zama mai ɗumi wanda jiki ke ɗauka, ban da wanda ke saɓule fata, kuma a sassauta kanwa a kunu, musamman ga mai hawan jini ko wadda ƙafarta ke kumbura.

Yanzu mu zo kan tari, wanda kusan babu gidan da babu shi a yanzu.

Mafi yawan mura da tarin hunturu ƙwayar bairos ce ke kawo su, kuma suna wucewa da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba sa buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma maganin tari na kwalba ba shi da wani amfanin kirki ga ƙananan yara. Nono, ruwa mai yawa, abinci mai ɗumi, ɗigon ruwan gishiri na kemis a hanci in ya toshe. Yaron da ya haura shekara ɗaya a ba shi ƙaramin cokali na zuma, tana lafar da tarin dare. Wanda bai kai shekara ba kuwa ban da zuma ko kaɗan, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Man zafi kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba, kuma kada a cusa shi cikin hancin kowa. A ɓoye shi ma, domin kafur ɗin da ke cikinsa in yaro ya lasa yana iya sa jijjiga.

Abin tsoron shi ne limoniya, wadda kan fara kamar mura ta gangara huhu. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2019 kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 740,000 a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da abin ya fi muni. Mu kan ce sanyi ne ya shiga haƙarƙari, amma ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kuma hayaƙi ke buɗe musu ƙofa: hukumar ta ce kusan rabin yaran da irin wannan ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin cikin gida na da hannu a ciki. Kin ga ke nan maganar ta sake komawa kan kasko da murhu, da goyon da ke bayanki lokacin da kike hura itace.

Ga abin da nake so kowace uwa ta iya, don ba ya buƙatar komai sai wayar da ke hannunki. Ki bari yaro ya natsu ko yana barci, ba lokacin da yake kuka ko shan nono ba. Ki ɗaga rigarsa, ki saita minti ɗaya a agogon waya, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga. Ɗagawa da sauka ɗaya ke nan. Ki cika minti ɗayan, kada ki ƙirga rabi ki ninka, domin numfashin jarirai ba ya tafiya daidai.

In bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ki rubuta waɗannan lambobi uku ki ajiye a wayarki.

Sannan ki kalli ƙasan ƙirjinsa, inda haƙarƙari ya ƙare. A yaro mai lafiya, in ya ja numfashi ƙirji da ciki tare suke ɗagawa. In kika ga lokacin da ya ja numfashi wurin yana lotsawa ciki, huhun yana wahala. Yaro mai tari da saurin numfashi ko lotsawar ƙirji, ranar za a kai shi asibiti, ba a jira gobe. In kuwa ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, ko leɓensa ya sauya launi, ko yana gurnani in ya fitar da numfashi, ko da tsakar dare ne a fita. Jaririn da bai kai wata 2 ba, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili.

Limoniya na da magani, kuma ba mai tsada ba ne: amoksisilin, akwai ma wanda ake narkarwa a cokali don yara. Amma ma'aikacin lafiya ne zai auna yaron ya faɗi adadin da kwanakin, kuma a shanye duka ko da ya warware a kwana na biyu. Ƙwaya huɗu da aka ƙulla a leda a kemis ba magani ba ne, koya wa cutar jure magani ne. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yinsa a asibitocin gwamnati. Ki kuma ɗauko katin rigakafin yaronki ki duba: allurar da ake yi a sati 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariya daga manyan ƙwayoyin da ke kawo limoniya, sai ta ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. In an tsallake wata, ba a makara ba, a je a cike.

Sanƙarau ma a wannan yanayi yake fara ɗago kai, ya tsananta in zafi ya shigo. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki rufaffe kuma ya sauƙaƙa yaɗuwa. Iyayenmu ba su manta 1996 ba, shekarar da mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar, don haka in masu rigakafi suka zo unguwa a fito da yara. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da amai, ko a jariri maɗiga ta kumburo, wannan ciwo ne da ake lissafinsa da awoyi.

Iyayen masu sikila kun fi ni sanin abin da sanyi ke yi. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki su ne manyan masu tayar da ciwon, ga shi kuma a hunturu yaro ba ya jin ƙishirwa alhali busasshiyar iska na zuƙe ruwan jikinsa. Kada ki jira ya nema, ki riƙa miƙa masa, ki sa masa gora a jakar makaranta. Wanka da alwala da ruwan ɗumi, safa da hula tun kafin magariba. Mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a jikinsa, ki duba ko bai ƙare ba tun kafin dare ya yi, ya kuma sa takunkumi in hazo ya yi yawa.

Sauran ƙananan abubuwa kun san su. Man kaɗe ko basilin bayan wanka tun jiki da danshi, shi ke hana kaushi da faso, a shafa har leɓe. Haɓo kuwa yana yawa yanzu saboda cikin hanci ya bushe. In ya ɓalle, kada a ɗaga kan yaro sama ko a kwantar da shi rigingine, jinin zai bi maƙogwaro ya sa shi amai. Ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ki matse tattausan wurin hancin, ƙasa da ƙashi, minti 10 cur ba tare da kina saki kina leƙawa ba, yana numfashi ta baki. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, ko yana yawan dawowa, a je a duba shi. Ɗan basilin kaɗan a bakin ƙofar hanci da dare yana rage shi.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu duba ciwon ido da ke yawo tsakanin yara a wannan lokaci, da abubuwan da ake ɗigawa a ido waɗanda bai kamata ba. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a.